Zaɓen Unguwar Zama a Riyad ga Wanda Sabon Aiki Ya Kawo

Duk wanda ya samu takardar ɗaukar aiki a Riyad, babban birnin Saudiyya, ko likita ne daga Kano, ko malamin jami'a daga Zariya, ko kuwa mazaunin Jidda da kamfaninsa ya mayar da shi babban birnin, tambayar da yake fara yi wa 'yan'uwa ita ce wace unguwa ce ta fi tsaro. A gida idan aka ambaci tsaro, hankali yakan tafi kan ɓarayi da doguwar katanga da 'yan sintiri, to amma a Riyad ba kasafai wannan ke hana magidanci barci ba. Abubuwan da suka fi cutar da baƙo a nan su ne hanyar da yake bi kullum zuwa aiki, da lafiyar ginin da ya kama, da ingancin takardar hayarsa, da kuma mutanen da ya yarda suka kwana a ƙarƙashin rufinsa. Da waɗannan ya kamata a auna kowace unguwa kafin a biya ko riyal ɗaya.

Riyad gari ne mai faɗin gaske, wanda ƙidayar 2022 ta nuna yana da kusan mutum miliyan 7, kuma an shimfiɗa shi ne domin mota. Daga Lahadi zuwa Alhamis, titin Sarki Fahad da titin Khurais da manyan hanyoyin zobe na arewa da gabas sukan cika maƙil da safe da kuma bayan la'asar, ta yadda gidan da taswira ta nuna yana kusa zai iya cinye wa mutum fiye da awa guda. Direban da ya gaji, yana tuƙi a kan titi mai layi huɗu ko biyar a tsakiyar motocin da ke sheƙa gudu, yana cikin haɗarin da ya fi na kowace unguwa da ake tsoro. Saboda haka abin da za a fara sani shi ne inda ofis ko asibitin da za a yi aiki yake, sannan a nemi gida a ɓangaren da ba sai an ratsa tsakiyar gari ba.

Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda kowa ke kira metro, ya sauya lissafin tun da ya fara aiki a watan Disamba na 2024. Yana da layi 6 da tasha 85 a kan tsawon kilomita 176, tikitin awa biyu riyal 4 ne, na wata guda kuma riyal 140. Akwai taragon mata da iyali daban, wanda ya zama rahama ga 'yan'uwanmu mata masu aikin jinya da ke tashi aiki da dare. A ganina, gidan da za a iya takawa daga ƙofarsa zuwa tasha ya cancanci ƙarin kuɗin haya, sai dai a tuna cewa tafiyar da take da daɗi a watan Janairu takan zama azaba a watan Yuli, lokacin da zafi ke haura digiri 45.

Arewacin gari shi ne inda kowa ke sha'awa. Unguwannin Malƙa da Hiɗɗin da Yasmin da Sahafa da Aƙiƙ suna da sababbin gine-gine da tituna masu haske da makarantu masu koyarwa da Turanci, kuma cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah, inda manyan kamfanoni suka tare, tana nan cikin Aƙiƙ. Kuɗin hayarsu ne mafi tsada a garin, har yakan wuce alawus ɗin gida da yawancin kamfanoni ke bayarwa, wanda a al'ada yakan kama kashi 25 cikin ɗari na tushen albashi. Wanda ya matsa can gaba zuwa Narjis ko Arid zai samu ɗan sauƙi, amma zai tarar da filaye da ake kan ginawa, da manyan motocin yashi, da ƙura, kuma wasu sassan sun yi nisa da tashar metro. Arewa ta dace da mai albashi mai kauri da ke aiki a can. Ga wanda zai matse cikinsa domin kawai a ce yana zaune a Malƙa, ban ga hikimar hakan ba, musamman idan ya zo da iyali, tun da sai an biya wa gwamnati riyal 400 a wata a kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama.

Gabas ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin mutanenmu masu matsakaicin albashi da suka zo da mata da yara. Ƙurɗuba da Garnaɗa da Yarmuk da Ishbiliya da Munsiyya unguwanni ne da suka zauna da gindinsu, akwai masallatan Juma'a da kantuna da ƙananan asibitoci a kusa, kuma layin metro mai launin shunayya yana bi ta wannan yanki daga cibiyar hada-hadar kuɗi har zuwa Nasim. Malamin da ke koyarwa a Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud ko Jami'ar Gimbiya Nura, da ma'aikacin babban asibitin dakarun tsaron ƙasa da ke Khashm al-An, duk za su isa wurin aiki ba tare da sun shiga cunkoson Olaya, unguwar kasuwanci da ke tsakiyar gari, ba. Ƙurɗuba da Garnaɗa sun fi tsada, Nasim da Khalij sun fi araha amma gine-ginensu sun fi tsufa, Rimal kuwa sabuwa ce mai sauƙin kuɗi da ke buƙatar mota a kowace fita.

Yamma tana da nata amfanin ga masu aiki a Jami'ar Sarki Sa'ud ko unguwar jakadu, inda ofishin jakadancin Najeriya yake. Irƙa tana kusa amma da tsada. Laban da Tuwaiƙ da Suwaidi suna ba da ɗakuna masu faɗi a farashi mai dama, sai dai hanyoyin shiga Laban kaɗan ne kuma sukan toshe da safe. Wannan ɓangare ne kwarin Hanifa da rassansa suka ratsa, don haka a kula da gidan da ke gangare. Ruwan sama a Riyad ba ya yawa, amma idan ya sauko da ƙarfi yakan cika hanyoyin ƙarƙashin gada, kuma mutanen Jidda da suka ga ambaliyar Nuwamban 2009, wadda ta kashe fiye da mutum 100, sun san ba a raina ruwan hamada.

Kudu da tsakiyar gari, wato Baɗha da Manfuha da Aziziyya da Shifa da Darul Baida, nan ne haya ta fi araha, nan ne kuma baƙo zai fi saurin jin Hausa a kasuwa ya samu kayan miyar da ya saba da su. Layin metro shuɗi yana haɗa yankin da Olaya kai tsaye, kuma wanda ke aiki a rukunin masana'antu na hanyar Kharj ba shi da wurin da ya fi masa kusa. Amma ya kamata a bambanta: Shifa da wasu sassan Aziziyya unguwannin iyali ne masu natsuwa, yayin da tsofaffin lungunan Baɗha da Manfuha ke da cunkoso da gidajen da aka yanyanka ɗaki-ɗaki, kuma jami'ai sukan yawaita binciken takardu a can. Gwauro mai tara kuɗi zai iya zama, amma ba zan ba mai ƙananan yara shawarar farawa daga nan ba. Rukunin gidaje masu katanga da masu gadi kuwa, waɗanda Turawa suka fi so, sai idan kamfani ne zai biya.

Bayan an tsayar da unguwa, sai a duba ginin kansa, domin gani ya kori ji. A je sau ɗaya da safe a ranar aiki, a sake komawa bayan isha'i, a ga hasken titi da wurin ajiye mota da irin mutanen da ke shiga da fita. A tambayi harisin gidan, wato mai gadi, ko ginin na iyalai ne ko na gwagware, ko ruwa yana yankewa har sai an kira tankar da suke ce wa wayit, kuma ko kowane gida yana da mitar wutarsa. Wannan batu na mita yana da muhimmanci, saboda ana sayar da wutar gida halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, don haka gidaje huɗu a kan mita ɗaya sukan faɗa farashi mai tsada a lokacin zafi, rigimar rabon kuɗi kuma ta biyo baya. Babban gida da aka raba da allunan katako, mai matakala ɗaya da tagogi masu ƙarfe da wayoyin wuta a waje, ko da a Yasmin yake, a bar shi, domin idan gobara ta tashi babu mafita. Lambar gaggawa a yankin Riyad ita ce 911, kuma yana da kyau a tabbatar cewa asibitin da ke kusa yana karɓar inshorar da kamfani ya bayar.

Takardar haya dole ce ta bi ta manhajar gwamnati mai suna Ejar, kuma tun daga Janairun 2024 ta nan ake biyan kuɗin hayar gidajen zama. Dillali na gaskiya yana da lasisin dillanci na gwamnati mai suna Fal, ladansa kuma kashi 2.5 cikin ɗari ne na hayar shekarar farko. Duk wanda ya sa hoton gida mai kyau a intanet da farashin da bai yi kama da na unguwar ba, sannan ya ce a tura masa kafin alƙalami tun ba a ga gidan ba, a rabu da shi. A ranar 25 ga Satumba, 2025, gwamnati ta dakatar da ƙarin kuɗin haya a cikin birnin Riyad har tsawon shekara 5, kuma gidan da aka taɓa bayarwa haya ana tsayar da kuɗinsa a kan yarjejeniyarsa ta ƙarshe da ke Ejar. Wanda ya yarda da yarjejeniyar baka domin a rage masa wani abu ya fitar da kansa daga wannan kariya, kuma zai sha wahala wajen yin rajistar adireshinsa na ƙasa, wanda banki ke nema.

Akwai wani batu da ya shafe mu musamman, kuma ina roƙon a ɗauke shi da gaske. Da zarar an ji ka kama gida, za a samu ɗan'uwa ko ɗan garinku da bizarsa ta ƙare yana neman wurin kwana, kuma kunya takan hana mu cewa a'a. Doka tana hukunta mai ba wanda ya karya ƙa'idar zama masauki da tara da ɗauri da kora daga ƙasa, idan kuwa wanda aka ɓoye ta ɓarauniyar hanya ya shigo, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan 1. Taimakon da ya fi amfani shi ne a haɗa shi da ofishin jakadanci domin a gyara masa hanyar komawa.

Kafin iƙama ta fito, sabon zuwa ya fara kama ɗaki mai kayan ɗaki na wata guda kusa da wurin aiki, ya yi amfani da makonnin wajen gwada hanya daga unguwanni biyu ko uku a daidai lokacin da zai riƙa fita. Idan ya sa hannu, ya nemi a raba masa kuɗin shekara kashi biyu ko huɗu a rubuce, ya ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita ranar karɓar makulli, kuma ya rubuta ranar ƙarewar yarjejeniyar, domin tana sabunta kanta idan bai sanar da mai gida niyyar tashi ba kwana 60 kafin wa'adin.