Gargaɗi Ga Manoman Rani Kan Masu Tallar Injin Ban Ruwa Na Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani suka karkata ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma wasu dillalai marasa tsoron Allah sun samu kasuwa a nan. Suna zuwa ranar kasuwa da mota, su kafa faifan sola da tsakar rana, su tsoma mesa cikin duro cike da ruwa, jama'a su ga ruwa yana feshi su yi ta mamaki. Abin da ba a faɗa wa mai kallo shi ne, ruwan duro a saman ƙasa yake, alhali aikin injin a gona shi ne ya janyo ruwa daga ƙasan rijiya, sannan ya tura shi ta doguwar mesa har ƙarshen gonar.

Ƙanena ya sayar da buhunan shinkafarsa ya sayi irin wannan injin saboda albasa. Da aka kafa shi a rijiyar fadamarsa, ruwan da yake fitowa bai fi na bakin buta ba, kafin la'asar ma ya tsaya cak. An rubuta wat 300 a bayan kowane faifai, amma da muka auna, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. Faifan da ke ba da wat 300 na gaskiya yana haura mita ɗaya da rabi a tsawo, faɗinsa kuma kusan mita ɗaya, saboda haka takardar da aka manna ƙarya ce tsagwaronta. Lambar wayar da ke kan rasiɗin ba ta sake shiga ba.

Duk mai niyyar saye ya gindaya sharaɗin a gwada injin a rijiyarsa kafin ya biya, ya kuma duba agogo ya ga minti nawa yake ɗauka kafin ya cika duro mai lita 200 a ƙarshen mesa, da hantsi, da azahar, da kuma la'asar. A tuna cewa hazo da ƙurar hunturu suna rage ƙarfin faifai, kuma a daidai lokacin ne shuka take buƙatar ruwa. Dillalin da ya ƙi wannan gwaji, ko ba shi da shagon da za a same shi, kada a ba shi ko kafin alƙalami. Wanda aka riga aka cuta ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, tare da rasiɗinsa da hoton takardar bayan faifan.