Drawabox da minti goma sha biyar na ɗumama hannu kafin zane

Duk wanda ya tambaye ni inda zai koyi ɗumama hannu kafin ya fara zane, kwas ɗin koyon zane na Drawabox nake nuna masa, amma sai na haɗa masa da gargaɗi: ba zai fito daga darasin farko da hoto ko ɗaya na liƙawa a bango ba. Abin da zai tara shi ne tulin takardu cike da layuka da da'irori da akwatuna, waɗanda in baƙo ya gani zai ɗauka gwajin alƙalami ake yi. Amfanin kwas ɗin kuwa a cikin wannan tulin yake.

Kwas ne na intanet, darussansa kyauta, a rubuce da Turanci tare da bidiyo. Mai shi, Irshad Karim, wanda ɗalibai suka fi sani da laƙabin Uncomfortable, ya fara shi a 2014 a dandalin tattaunawa na Reddit, bayan ya yi karatu a Concept Design Academy da ke Pasadena a Amurka, kuma bai ɓoye ba cewa daga ajin malaminsa Peter Han ya samo tushen atisayen. Darussa bakwai ne bayan na share fage: a fara da layi da akwati, a bi ta tsirrai, ƙwari, dabbobi da kayan amfanin yau da kullum, a ƙare da motoci. Ni dai darasi na 1 ne ya fi shiga rayuwata, domin shi ne wanda ba a gamawa da shi ko an wuce shi.

Kayan aikin ba su da yawa: alƙalamin tawada mai siririn baki na milimita 0.5, farar takarda irin ta firinta, da rula. Babu fensir, babu magogi. A nan mutane da yawa suke fara ja da baya, ni kuwa wannan ƙa'idar na fi yarda da ita a kwas ɗin gaba ɗaya. Mai fensir yana da wata ɗabi'a da bai ma san yana da ita ba: ya ja ɗan guntun layi, ya ɗora wani a kai, ya ƙara wani, yana lallaɓawa har ya isa inda za shi, layin ya fito da gashi-gashi. In bai yi masa ba ya goge. Tawada ba ta ba da wannan damar. Abin da ka ja ya zauna, kuma an hana ka komawa ka rufe kuskure da wani layin. Da zarar mutum ya tabbatar da haka, sai ya fara tunani tun bakin alƙalami bai taɓa takarda ba.

Atisayen farko shi ne ka ja layi da rula, sannan ka bi ta kansa sau takwas da hannu kawai. Za ka ga ƙarshen layin ya tarwatse, kowanne ya kama gabansa, kuma wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne farkon layin ma ya tarwatse, don hakan yana nuna ba ka tsaya ka ɗora alƙalami a wurin farawa ba, gaggawa ka yi. Ana so a ja layin daga kafaɗa, kuma akwai dalili. Wuyan hannu a kan gaɓa ɗaya yake juyawa, duk abin da ke juyawa a kan gaɓa ɗaya kuwa lanƙwasasshen layi kamar baka yake zanawa; shi ya sa yake yin rubutu da ƙananan abubuwa da kyau, amma da layi ya yi tsawo sai ya lanƙwashe. Gwiwar hannu ma haka take, sai dai bakanta ya fi faɗi. Kafaɗa ce ke iya tura hannun gaba ɗaya ya miƙe santal. Da farko za ka ji ta yi maka nauyi, har ta gaji kafin shafi ya cika, saboda hannun da ya saba da rubutu da latsa waya bai saba sa ta wannan aikin ba.

Sai atisayen da shi ne zuciyar kwas ɗin. Ka ɗiga ɗigo biyu, na farawa da na tsayawa. Ka juya takardar har ta zo daidai da inda hannunka ya fi sakewa. Sannan ka riƙa kai hannu kana dawowa tsakanin ɗigon nan biyu, alƙalami yana sama bai taɓa takarda ba, kamar shirwa tana shawagi kafin ta kai sura. In tafiyar ta zauna a hannu, sai ka sauke alƙalami ka ja sau ɗaya, ba tsayawa, ba waiwaye. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka jera abin da ya fi muhimmanci: layin da ya tafi sumul ya zarce ɗigo da kaɗan ya fi wanda ya sauka daidai kan ɗigon yana karkarwa. Karkarwar nan ba daga raunin hannu take zuwa ba. Ido ne ke ƙoƙarin gyara wa hannu hanya ana tsakiyar tafiya, hannu yana karkata nan yana karkata can. In an gama duk shawara kafin a taɓa takarda, ido ba shi da abin cewa kuma. Daidaito yana zuwa daga baya da yawan yi, amma wanda ya saba da jan layi a tsorace, yawan yin ma tsoron zai ƙara masa.

Da'irori masu siffar ƙwai su ne kashi na biyu. Ka dubi bakin kofi: in ka leƙa shi daga sama cikakkiyar da'ira ce, in ka ɗaga shi zuwa daidai idonka sai ta riƙa matsewa har ta koma layi. Taya, bakin kwalba, agogon hannu, duk haka suke, don haka mai zane ba shi da mafaka daga wannan siffa. Ana sa ka ka raba shafi gida-gida da rula ka cika kowane gida da su, suna taɓa juna, suna taɓa sama da ƙasa. Sannan ka zana su a cikin murabba'ai karkatattu da ka riga ka yi a atisayen layi. Sannan a cikin siffar mazurari, inda layin tsakiya zai raba kowace gida biyu daidai. Ƙa'idar ita ce ka zagaya kowace sau biyu ko uku kafin ka ɗaga alƙalami. Zagayen farko yakan fito da kusurwa, na biyu ke gyara tafiyar. In ya wuce uku kuma sai ta zama dunƙulen zare, ba a san wace ce ainihin da'irar ba.

To, ga inda maganar ɗumama hannu ta shigo. Kwas ɗin ya ce kada ka tsaya kana nanata atisaye ɗaya har sai ya yi kyau. Ka yi adadin shafukan da aka ba ka, ɗaya ko biyu, ka wuce, ko da sun fito a karkace. Amma duk atisayen da ka gama ya shiga rumbunka, kuma daga nan duk ranar da za ka zauna zane sai ka ɗauki biyu ko uku daga ciki ka yi na minti 10 zuwa 15. Ana so zaɓin ya zama na kan-mai-uwa-da-wabi, kuma na ga hikimar hakan, domin in aka bar mutum da son ransa kullum abin da ya iya zai ɗauka. Ni layuka nake so, mazurari kuwa ba ya min daɗi, shi ya sa na rubuta sunan kowane atisaye a guntuwar takarda na zuba a gwangwani, in na zauna sai in zaro uku ba tare da na duba ba. Wanda ya fito shi zan yi.

Abin da nake samu a wannan ɗan lokacin iri biyu ne. Na farko a jiki yake: kafaɗa ta sake, riƙon alƙalami ya yi sassauci, matsewar yatsu ta ragu. Na biyun ya fi girma a wurina. Farar takarda tana da kwarjini, musamman in kana da hoton da ka ƙwallafa rai a kansa. Shafin ɗumama hannu kuwa ba wanda zai gani, ba abin da zai lalace, don haka hannu yana shiga aiki ba fargaba, kuma wannan sakewar tana bin ka zuwa kan zanen gaske. Layin farko da nake ja bayan ɗumama hannu ya sha bamban da wanda nake ja in na faɗa wa aiki kai tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma fuskar da ka ɗauki awa biyu kana ginawa ba wurin gwada ko hannunka ya farka ba ne.

Sai dai a kula da agogo. Na ga masu zane da minti goma sha biyar ɗinsu ke zama awa guda, su cika shafi biyar da da'irori, su tashi suna jin sun yi aiki, alhali abin da suka zauna dominsa ba su taɓa shi ba. Atisaye wuri ne mai daɗin ɓuya, don ba ya tambayarka me kake son faɗa. Mai kwas ɗin ya san da wannan, shi ya sa ya kafa ƙa'idar rabi da rabi: aƙalla rabin duk lokacin da kake ba wa zane ya tafi a zana abin da ranka ke so, ko ka iya ko ba ka iya ba, ba don koyo ba. Mutane sun fi karya wannan ƙa'idar a kan kowace, kuma a ganina masu karya ta su ne suka fi saurin gajiya su ajiye alƙalami.

Bayan darasi na 1 akwai aikin da ya yi wa kwas ɗin suna, wato zana akwati 250. Kowanne da hannu, har da gefunan baya da ido ba ya gani, kamar akwatin na gilashi ne. In ka cika shafi sai ka ɗauki rula da biro mai launi ka tsawaita layukan kowane akwati zuwa nesa, ka ga ko layuka huɗun da ke tafiya gefe ɗaya suna nufin haɗuwa a wuri guda. Yawanci ba sa yi: biyu su haɗu da wuri, ɗaya ya bauɗe. Wannan dubawar ita ce darasin, wanda ya zana 250 bai tsawaita layi ba ya ɓata tawada ne kawai. Aiki ne mai cin rai, ba zan ɓoye ba, kuma bai kamata a yi shi a zama biyu ko uku ba. Shafi ɗaya a rana, akwati biyar ko shida, ya wadatar. Bayan an gama, akwati biyu ko uku suna shiga cikin ɗumama hannu su ma, kuma su ne suka fi taimaka min ranar da zan zana ɗaki ko kujera ko mota.

Akwai abin da Drawabox ba ya bayarwa, kuma gara a sani tun wuri. Ba ya koyar da zanen mutum, ba ya koyar da launi, inuwa ma ba ta dame shi ba sai wadda abu ke jefawa a kan wani. Atisayensa na gini ne da lissafin wuri, suna sa hannu ya nutsu ya yi taka-tsantsan. Wanda zai zana mai gudu ko mai rawa yana bukatar wani irin ɗumi dabam, na sauri da sakin jiki, kuma in da akwatuna kaɗai ya ɗumama, mutanensa za su iya fitowa a sandare. Ranar da aikina na mutane ne, nakan rage atisayen layi zuwa minti biyar, in buɗe shafin intanet na Line of Action, wanda ke nuna hotunan mutane a tsaye da zaune da cikin motsi yana canza su da agogo. Daƙiƙa 30 ga kowane hoto ba ta isa a zana ido ko yatsa, dole ka kama lanƙwasar baya da inda nauyin jiki ya sauka, ka bar sauran. Yana da tsarin da ke farawa da gajerun lokuta yana ƙara tsawo a hankali, yadda ake yi a ajin zane. Haɗa biyun nan ya fi min kowanne shi kaɗai.

Bayanin darussan yana da tsawo sosai, kuma wanda Turanci ke ba shi wahala zai fi samun sauƙi in ya fara kallon bidiyon kowane atisaye, ya ga yadda hannu ke tafiya, sannan ya koma ga rubutun. Duba aiki iri biyu ne: na sauran ɗalibai, wanda kyauta ne amma ya danganta da wanda ya ɗauki aikinka, da na mataimakan mai kwas ɗin, wanda ake biya ta shafin biyan kuɗi na Patreon. Wanda ke da hali, darasi na 1 da akwatunan nan su ne inda idon gwani ya fi amfani, saboda mutum ba ya ganin cewa da wuyan hannu yake ja sai an nuna masa a layukansa.

Masu zane a kwamfuta ko a allon zane sukan tambaya ko za su iya yin atisayen a can. Masu duba aiki na biya ba sa karɓar aikin da ba a takarda aka yi shi ba, kuma ina goyon bayansu a kan darussan: maɓallin janye kuskure magogi ne da ya fi kowane magogi sauri, manhajoji da yawa kuma suna gyara karkarwar layi da kansu, sai hannu ya ɗauka shi ya iya. Amma in an zo ɗumama hannu na kullum, ni a kan abin da zan yi aikin ranar nake yi. Santsin gilashi dabam yake da jan takarda, kuma hannu yana bukatar ya san wanda zai taka. In a allo ne, sai in kashe abin gyara layin, in buɗe sabon shafi, in ɗiga ɗigo biyu, kuma duk layin da ya bauɗe in bar shi a wurin har in gama.