Zaren ulun kitso: ya yi min kyau sau ɗaya, a na biyu ya ci min gaban goshi

'Yan uwa mata, maganar zaren ulun nan mai laushi zan yi, wanda ake sayarwa ƙunshi-ƙunshi wajen masu kayan kwalliya a babbar kasuwar Katsina. Ni dama ba na sa gashin doki, saboda hadisin da muka sani a kan ƙarin gashi. Baƙin zare kawai nake ba makitsiyata ta haɗa min don kitso ya yi auki.

A sawar farko, gaskiya ya burge ni. Ba nauyi, ba ƙaiƙayi, kuma ya kwanta lafiya a ƙarƙashin ɗankwali. Da shi na yi bikin ɗiyar yayata a Ƙofar Ƙaura, har mata suna tambayata inda na saya.

Abin da ya ƙona min rai shi ne maganar mai shagon. Da bakinsa ya ce min, "Hajiya, in kin tsefe ki wanke shi ki shanya, zai sake yi miki kamar sabo." Na wanke, na adana, da bazara ta shigo na kai aka sake yi min ƙananan kitso da shi. Kun san zafin watan Afrilu a garin nan. Zaren da ya riga ya sha wanki ya saki jiki, yana shan ruwa da gumi ya riƙe. In na yi wanka sai ya wuni a jiƙe, ga hijabi a kai. Kan a jima ya fara wani bashi-bashi, ya tashi ɓurɓushi tun daga tushe har jela, sai kuma ƙananan ƙuraje a ƙeya.

Ranar tsifa ce ba zan manta ba. Zaren ya cuɗe da gashina ya zama dunƙule a gindin kowane kitso. Mun zuba man kwakwa, mun bi da tsinke a hankali, ya ƙi. Wasu wuraren sai da aka sa almakashi. Gashin gaban goshina da na gefen kunne haka ya riƙa biyo zaren da saiwarsa. Wallahi sai da na yi hawaye. Makitsiyar ta ce, "Yaya, zaren da ya fara kama yatsa in kin shafa shi, ko kika ja shi ya miƙe bai koma ba, ya gama aiki, shara ce."

Kuma maganarta gaskiya ce. Gashi yana ƙaruwa kusan santimita 1 a wata, don haka in kitso ya daɗe gindinsa yakan ɗaga, nauyin zaren ya rataya a kan 'yan siraran gashi. Ga gashin da ke zuba kullum, 50 zuwa 100, duk yana maƙale a ciki ba hanyar fita. Shi ya sa likitocin fata ke cewa kada irin wannan kitso ya wuce sati 6 zuwa 8, kuma jan da ake yi wa gashi in ya yi yawa yana iya kashe saiwar, wurin ya ƙi tsirowa. Tsohon zare kuwa ba ya ma kai wannan lokacin.

Yanzu da nake tunawa, ko a karon farkon ma ba yabo zalla ya cancanta ba. Yana shanye mai, duk man kaɗanyar da na shafa sai in ji gashina a bushe washegari. Da na wanke shi kuma ruwan baƙi ƙirin ya fito, rinin yana zuba. Kyan bikin ne ya rufe min ido a kan waɗannan.

Shagon nan dai ba zan koma ba, don ya san abin da yake sayarwa. Zaren ma na ajiye shi gaba ɗaya, kitson kaba zalla nake yi, sako-sako, har gaban goshin ya cike in Allah ya yarda.