Rediyo mai cajin rana, da yadda ya riƙe Baba a zaman korona

Duk mai tsoho a gida da ke shawarar sayen rediyon nan mai caji da hasken rana, mai fitila a gefe da wurin saka katin memori, ni dai na ce ya saya. Na Baba a kasuwar Wunti na samo shi a watan Afrilun 2020, makonni kaɗan bayan an sanar cewa gwamna Bala Mohammed ya kamu da korona, hankalin Bauchi duk ya tashi.

Baba ya haura saba'in, ga hawan jini, shi ya sa muka hana shi majalisar ƙofar gida, muka janye jikoki daga ɗakinsa. Mutumin da kullum bayan la'asar tabarmarsa cike take da abokai, sai ga shi abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye masa. Samarin unguwa kuwa suna ta harkokinsu, wai ai cutar tsofaffi ce. Wannan magana har yau tana ci mini rai. Ran mai furfura ba rai ba ne?

Rediyon ya yi aikinsa. Da azumi ya kama a ƙarshen watan, a nan yake sauraron tafsiri daga gidan rediyon jiha, labarai kuma BBC Hausa da Muryar Amurka. Murya na fita tangaram duk da kunnensa na hagu ya yi nauyi. In aka shanya shi kan katanga daga hantsi zuwa azahar, yana kai shi bayan isha'i, a ɗauke wuta ko a kawo. Ta taga nakan ji mai gabatar da shiri ya yi sallama, Baba ya amsa da ƙarfi har da "wa barakatuhu". Daga nan na fara ɗaukar muryar yara a waya ina zuba masa a katin, tare da karatun Alƙur'ani. Ta ƙaramar jikarsa ya fi maimaitawa: "Angona, ka ci tuwon? Ka rage mini."

Inda na ga gazawarsa, waɗanda suka ƙera shi ba su tuna da idon tsoho ba. Madannan ƙanana ne, baƙi a kan baƙi, rubutun Turanci mitsi-mitsi. Sai da na ɗiga jan farce a kan na kunnawa kafin ya daina lalube. Eriyar ma ba ta da ƙwari, a ja ta a hankali.

Mai shagon ya so ya haɗa ni da wani mai araha, yana cewa, "Hajiya, tsoho ai kowanne ma ya ishe shi." Kada ku yarda da wannan. Ku sa a kunna muku a shagon, ku ja da baya ku ji ƙarar, kuma in akwai mai abin murɗawa wajen neman tasha, shi za ku ɗauka, ya fi wa hannu mai rawa sauƙi.