Atisayen LeetCode ko haɗa manhajar mita: wanne za ka ɗauka kafin intabiyun kamfanin wuta

Malam, ka ce saura makonni uku a yi maka intabiyun aikin rubuta manhaja a kamfanin wuta. Tsakanin ka biya kuɗin Premium na LeetCode, shafin atisayen rubuta kod, ka ƙarar da makonni ukun nan wajen warware tambayoyi, da ka zauna ka haɗa ƙaramar manhaja a kan bayanan mitar wuta, ɗauki na biyun. Kamfanin wuta, na rarrabawa ne ko na sola mai sayar da yunit ta mita, abin da ke hana injiniyoyinsa barci shi ne karatun mita da ya iso a makare, da kwastoman da aka cire wa kuɗi bai ga tokin ba. A nan za a fi jan ka da hira.

LeetCode dai ba a rasa shi da amfani, tunda wurare da yawa suna fara tace mutane da gwajin rubuta kod na kamar awa ɗaya. Amma na kyauta ya ishe ka. Tambaya biyu kullum da safe, masu sauƙi da matsakaita, ka fi ba SQL ƙarfi, wato yaren zaƙulo bayanai daga teburan rumbun bayanai, musamman JOIN da GROUP BY da LAG. Babban abin da Premium ke ƙara maka shi ne tambayoyin da aka ware da sunan kamfanoni irin Google da Amazon, kai kuwa ba can za ka ba.

Aikin mitar shi ne mai romo. Akwai bayanan kyauta a rumbun bayanai na jami'ar UCI ta Amurka, na wani gida a garin Sceaux kusa da Faris, an ɗauki wutar da ya sha kowane minti daga Disamba 2006 zuwa Nuwamba 2010. Sun haura layi miliyan 2, kuma akwai guraben da babu karatu, waɗannan guraben su ne malamanka. Ka zuba bayanan a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ka rubuta ƙaramar manhaja da Python mai karɓar karatu ta fitar da abin da aka sha a kowace rana. Tun daga nan za ka gamu da bambancin kW da kWh: na farko ƙarfin jan wuta ne a wannan lokacin, na biyu jimillar abin da aka sha, wato yunit. Gidan da ya ja kW 3 na minti 20 ya sha kWh 1. Mai neman aiki da ya cakuɗa waɗannan biyun a gaban injiniyan wuta ya rage wa kansa maki tun kafin ya taɓa madannai.

Bayan ta fara aiki sai ka ɓata mata bayanan da gangan. Ka aiko karatu ɗaya sau biyu, kamar yadda mita ke yi idan netwok ya yanke ta sake turawa. Maganinsa ka haɗa lambar mita da lokacin karatu su zama mabuɗin da ba ya maimaituwa, ka sa ON CONFLICT DO NOTHING, umarnin da ke sa a ƙyale karatun da ya maimaitu. Ka aiko karatun jiya yau, ka ga ko jimillar jiya za ta gyaru da kanta. Ka mayar da ƙidayar mita sifili kamar an cire tsohuwa an ɗaura sabuwa. Idan manhajarka tana ɗebe karatun baya daga na yanzu kawai, za ta nuna kwastoma ya sha wuta ƙasa da sifili. Lokaci kuma ka ajiye shi a UTC, agogon bai-ɗaya na duniya. Najeriya da Nijar ba sa canza agogo, amma idan kamfanin na Ingila ne, inda ake canzawa, rana ɗaya a Maris tana da rabin awa 46, wata a Oktoba tana da 50 maimakon 48, kuma suna son jin ko ka san da haka.

Lissafin girma ma ka riƙe shi a ka. Mita mai turo karatu duk minti 15 tana ba da 96 a rana. Mita 100,000 ke nan layi miliyan 9.6 kullum. Da ka faɗi wannan da bakinka, maganar raba teburi wata-wata da tura tsofaffin bayanai ma'ajiya mai araha za ta zo da dalilinta.

Inda na fi so ka daɗe shi ne sayar da tokin. Mutum ya je wurin mai POS da dare, gidansa duhu, an danna, netwok ya tsaya, aka sake dannawa. Shin an cire kuɗi sau biyu? An fitar da tokin biyu? Kowane ciniki ya zo da lambar shaidarsa, idan lambar ta sake dawowa a mayar da tokin na farko, kada a ƙirƙiri sabo. Kuɗi kuma ka lissafa shi a kwabo da cikakkiyar lamba, domin a Python 0.1 da 0.2 idan ka haɗa 0.30000000000000004 za ka gani. Farashin yunit ya zauna a teburinsa da ranar da ya fara aiki. A Afrilu 2024 NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, ta ɗaga na 'yan Band A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225, saboda haka lissafin watan Maris dole ya ci gaba da fitowa da tsohon farashi ko yaushe aka sake buga shi.

Ka kuma karanta yadda tokin STS mai lamba 20 yake, wato wanda ake lodawa a mita mai kati. A cikinsa akwai ƙidayar mintoci mai bit 24, wato gurbin sifili-ko-ɗaya guda 24, da ta faro daga 1 ga Janairu 1993, da ita mita ke ƙin tokin da aka riga aka loda. Bit 24 ba ya wuce minti 16,777,216, ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, shi ya sa aka yi ta raba wa mutane tokin canjin mabuɗin sirrin mita kafin ranar. Idan aka tambaye ka misalin shawarar zane da ta dawo ta ciji mutane bayan shekara 31, ga shi a hannunka. Modbus, tsarin da mita da na'urori ke musayar bayanai da shi, ka san cewa rijistarsa, wato gurbin ajiye lamba, bit 16 ce, lamba mai bit 32 sai an haɗa biyu, kuma idan ka juya jerinsu shirme za ka karanta. SCADA, manhajar sa ido da sarrafa na'urori daga nesa, idan ba ka taɓa aiki da ita ba ka ce ba ka taɓa ba, masu intabiyun sun fi ka sanin ta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da takardar "ainihin tambayoyin kamfani" a WhatsApp da Telegram, kwashe-kwashe ne daga intanet. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin intabiyu, ɗan damfara ne. Akwai kuma masu shigar masu ɗaukar ma'aikata, su turo maka aikin gwaji a GitHub, shafin ajiye kod, su ce ka kunna a kwamfutarka, alhali a ciki akwai manhajar satar kalmomin sirri. Ka duba adireshin imel ɗin ko na kamfanin ne da gaske, kuma kada ka kunna kod ɗin baƙo a kwamfutar da kake shiga banki da ita. Aikin da aka haɗa aka sayar maka shi ma bar shi, za a ce ka sauya layi ɗaya suna kallo.

Makonni biyun farko ka ba aikin mitar, kowace matsala da ka ƙirƙira ka rubuta mata gwaji da pytest, kayan gwada kod na Python. Mako na uku ka rubuta bayanin shafi ɗaya na abin da ka zaɓa da dalilinsa, ka samu aboki ka yi masa bayanin da Turanci cikin minti 5 har sau uku. Idan intabiyun ta bidiyo ce, ka cika cajin kwamfuta tun dare, ka tanadi layi na biyu da data a ciki, ka buɗe aikin a shirye kafin a kira ka.