Gwajin ƙwaƙwalwar da na yi a Bauchi, da abin da naira 25,000 ta saya min

Ni da Yayata ciwo ɗaya likitoci suka ce muna da shi, ciwon damuwa, amma Inna ta daɗe ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba. Lokacin da abin ya kama Yaya bayan rasuwar mijinta, barci take yi kamar an yi mata allura, sai a kira azahar tana kwance, cin abincinta ya ƙaru, jiki ya yi mata nauyi har ɗaukar buta ya zama aiki. Ni kuwa ƙarfe uku na dare idona biyu, na rame har zobe yana zame min daga yatsa, tunani ɗaya yana ta juyawa a kaina kamar injin markaɗe. Inna ta ce Yaya zafin rashi ne, ni kuma iska ce ta shafe ni.

Wannan maganar ta Inna ce ta kai ni wani asibitin kuɗi a unguwar GRA, inda suke da na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa da ake kira EEG. A allon bakin ƙofarsu sun jera cututtukan da suke gwadawa, har da ciwon damuwa. Takarda nake so in kai gida in ce ga shi, na'ura ta gani.

Tun ana gobe suka kira ni a waya: in tsefe kitso, in wanke kai, kada in shafa mai ko kaɗan. Wannan kiran na yaba musu, don na tarar da wata baiwar Allah da ta zo daga Dass da sabon kitso, ba ta bar lambar waya ba, sai da ta zauna tana tsifa a baranda. Ƙarfe tara na isa, na biya naira 25,000, ba a shigar da ni ba sai sha ɗaya da rabi. Jiran bai dame ni ba kamar yadda mai karɓar kati ta ɗaga murya ta kira sunana, ta ƙara da "mai gwajin ƙwaƙwalwa", a gaban mutum sun fi goma. Bauchi gari ne da kowa ya san kowa, ni kuma malamar makaranta ce, iyayen ɗalibaina suna ko'ina. Wannan ɗabi'a ya kamata su daina ta yau, ba gobe ba.

Mace ce ta yi min gwajin, ban ma roƙa ba. Ta auna kaina da tef irin na tela, ta manna wayoyi wajen ashirin da wani abu mai danƙo, tana yi tana gaya min abin da za ta yi. Ga masu tsoro: babu zafi, kuma na'urar ba ta saka wa mutum wuta, saurare kawai take yi. Rufe ido, buɗe ido, ja numfashi da ƙarfi na minti uku, sai wata fitila mai ƙyaftawa. An ɗauke wuta a tsakiya, kafin in yi magana sun tada janareta. Cikin minti arba'in an gama. Danƙon sai da na wanke kai sau biyu ya fita.

Da na shiga wurin likita ya ce sakamakon lafiya lau, sai hawaye ya zubo min, don na ɗauka ana nufin ƙarya nake yi. Ya juyo da fuskar kwamfutar wajena ya nuna min layukan da suka fito lokacin da na rufe ido, suna hawa da sauka sau takwas zuwa sha uku a daƙiƙa, irin waɗanda Hans Berger, likitan nan na Jamus, ya fara bayyanawa a 1929. Ya ce, "Malama, farfaɗiya wannan na'urar ta fi ganewa. Ba ta isa ta ce wannan yana da ciwon damuwa, wannan ba shi da shi ba. Da ni kika fara gani, da ban bari kin biya kuɗin nan ba." Babban ƙorafina kenan da wurin: allon ƙofa yana faɗin abin da likitansu da kansa bai yarda da shi ba, kuma ana karɓar kuɗin gwaji kafin a ga likita.

Amma abin da ya biyo baya ya fi kuɗin daraja. Ya zauna da ni kusan awa guda, bai kalli agogo ba. Ya bi alamomi tara ɗaya bayan ɗaya, barci, ci, kuzari, natsuwa, ganin laifin kai, har ya tambaye ni kai tsaye, cikin mutunci, ko na taɓa jin gara in mutu. Babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar, kuma ina buƙatar a yi min ita. Ya ce idan mutum yana da biyar cikin taran har mako biyu, ɗaya daga ciki kuma baƙin ciki ne ko fitar sha'awar komai daga rai, to ciwon ne. Hanyoyin da alamomin za su iya haɗuwa sun kai 227. Mutum biyu za su iya zuwa da ciwon nan alama ɗaya tak ta haɗa su. A nan na ga kaina, na ga Yaya.

Ilmin halittu nake koyarwa, don haka da na koma gida sai da na nemi wani bincike da likitan ya ambata min. A 2024 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwar mutum 801 masu damuwa da fargaba, da wata babbar na'ura mai suna fMRI wadda ke bin gudun jini a cikin kai, suka ga sun kasu gida shida. Wasu, sashen tunani da tsara aiki ne ke aiki fiye da kima. Wasu, hanyar da ke riƙe hankali wuri ɗaya ce ta yi sanyi. Wani rukuni ya fi samun sauƙi da wani magani, wani kuma da zaman tattaunawa. Har yanzu a matakin bincike abin yake, amma ya cire min wani ƙaya a zuciya: ashe ba raunin imani ne ya sa maganin da ya tada Yaya ya ƙi ni ba.

Don kafin in zo, na sha maganin Yaya, fluoxetine, na kwana goma, rashin barcin ya ninka. Likita bai yi min faɗa ba, ya dai ce kada in sake. Ya gaya min a wani babban gwaji da aka yi a Amurka, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warware da maganin farko, sauran sai da aka canza ko aka ƙara. Ya rubuta min wani magani, amitriptyline, kaɗan da daddare, ya ce baki zai bushe, kuma in ba shi mako huɗu zuwa shida. Bakin ya bushe kuwa. A mako na biyar na yi barci har kiran assalatu ya tashe ni.

Idan yaronki yana faɗuwa yana karkarwa, ko yana ɗaukewa kamar ba ya nan, gwajin nasu mai kyau ne, ki kai shi. Idan kuwa damuwa ce, ki ce likita kike son gani tukuna, lokacin da na je kuɗin ganinsa naira 5,000 ne. Zuwana na uku da Inna muka tafi. Ya gaishe ta da "Baba", ya yi mata bayani da Hausa tsantsa, ya ce ta ci gaba da addu'ar da take yi mana, ta kuma riƙa tambayata ko na sha magani. Yanzu kullum bayan isha'i sai ta kira ni daga Jahun ta tambaya.