Gidan reza ko aska mai ninkewa: wanne mai ƙaramin ƙarfi zai fara da shi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wanne ya kamata ka fara aski da shi. Tsakanin biyun da ka ambata, gidan reza na ƙarfe da aska mai ninkewa irin ta masu shagon aski, ɗauki gidan reza. Tunda ka ce aljihun ba nauyi, kuma shebin sitik mai baki uku ya cika maka wuya da ƙuraje, babu wani dogon lissafi a nan.

Gidan reza shi ne ƙarfen nan da iyayenmu ke ajiyewa a kan taga kusa da madubi, wanda ake kwancewa a saka masa reza mai baki biyu. King C. Gillette ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1904, kuma a yau duk rezar da ka saya a shagon unguwa za ta zauna a kusan kowane gida, ko na Masar ne ko na Jamus ko na Sin. Wannan kaɗai ya isa dalili. Babu kamfanin da zai ɗaure ka da kansa, ya sayar maka da mariƙi da araha sannan ya riƙa tatsar ka a kan baki. A gidaje da yawa akwai na tagulla da ya girmi mai gidan yanzu, fentinsa ya koɗe amma yana aski sumul. Kafin ka kashe ko sisi, tambayi tsofaffin gidanku. In an samu, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu da tsohon burushin haƙori, a jiƙa shi a sifirit na minti 10, ya zama sabo.

In saye za ka yi, nemi mai ɓangare uku: murfi na sama mai ɗauke da ƙusa, faranti na ƙasa, sai mariƙi da ake murzawa ya haɗe su. Irin shi nake riƙe da shi, kuma shi nake nuna wa kowa, don babu abin da zai lalace a jikinsa sai tiredi, wato zanen jikin ƙusa da mariƙin ke murzuwa a kai. Akwai wanda ake murza gindinsa kansa ya buɗe kamar fuka-fuki. Yana da daɗin canza reza, amma na arahan ƙofofinsa kan saki, gefe ɗaya ya riƙe reza gam, ɗayan ya bar ta tana rawa. Akwai kuma mai haƙora kamar mataji, da wanda kansa ya karkace, da mai lambobi da ake ƙara masa kaifi. Duk ka bar su tukuna. Naka shi ne wanda ƙarfen da ke gaban bakin rezar yake miƙe santal, shi ke danne fata kafin kaifi ya iso. A masu araha akwai Lord L6 na Masar, da Baili da Yaqi na Sin, da Parker da Pearl na Indiya. Merkur 34C na Jamus da Edwin Jagger DE89 na Ingila sun fi kyawun gamawa, amma fuskarka ba za ta gane bambancin da ya kai kuɗinsu ba a shekarar farko.

Mafi yawan masu arahan nan da narkakken ƙarfe mai haɗin zinki aka zuba su, aka shafe da farin fenti mai ƙyalli. Hanyar mutuwarsu biyu ce: su faɗi a kan siminti ƙusar ta karye, ko a riƙa ɗaure su da ƙarfi har tiredin ya cinye. Murza har ka ji ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan, shi ke nan.

Ita kuwa aska, to, tana aski. Amfaninta ɗaya da ba na musu a kai shi ne fitar da layin gemu da saje, don kana ganin bakinta ƙuru-ƙuru. Bayan wannan ba ta da abin da za ta ba sabon shiga sai jini. Rabin reza ake ɓallawa a cusa mata, babu kariya ko kaɗan, ƙusurwoyin rezar suna waje, kuma dole hannu ɗaya ya miƙe fata ɗayan ya ja. Mai shago yana yi maka da sauƙi ne don a tsaye yake a kanka, yana ganin ko'ina. Kai kuwa ta madubi kake kallo, dama ta koma hagu, ƙeya kuma ba ka ganin ta sam. Aska ta gaske mai ƙarfe ɗaya, irin Dovo ta Jamus ko Thiers Issard ta Faransa, ba maganar mai neman sauƙi ba ce, domin tana son duwatsun washi aƙalla biyu, sannan kafin kowane aski sai an bi ta da fatar gogawa. Ko wanzami da ya gaji sana'ar, dubi sau nawa yake komawa kan dutse kafin ya gama kai ɗaya. Masu arahan da ake tallatawa da ƙota mai ado, ƙarfensu taushi ne, ba sa riƙe kaifi ko an wasa.

Maganar ƙurajenka ita ta fi sa ni nace wa gidan reza. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Abin aski mai baki uku ko biyar, bakin farko yana jawo gashi sama, na bayansa su yanke shi, sai ya koma ya nutse ƙasa da fata da tsini a kansa. Da ya fara tsiro sai ya lanƙwasa ya soki fatar, jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura, daga baya ya bar baƙin tabo. Baki ɗaya yana yanke gashi daidai da saman fata. Amma wannan fa sai in ka bi kwanciyar gashi. In ka yi masa gaba da gaba don neman santsi, ƙurajen za su dawo ko da wane ƙarfe ka yi.

Saboda haka, kafin askin farko, bar gashin kwana 2 ko 3, ka shafa da yatsa yanki-yanki. Inda ka ji laushi, nan ya kwanta. Inda ka ji kaushi, ka yi masa kishiya. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya abin ya sha bamban: wani nasa sama yake yi daga maƙogwaro, wani gefe, wani ma ya yi gewaye a ƙarƙashin muƙamuƙi. Mafi yawan ƙurajen wuya daga nan suke, mutum yana jan reza ƙasa alhali gashin wurin sama ya nufa.

Ragowar kayan ba su da yawa: reza, sabulu, burushi, alimun, man kaɗanya.

A reza kada ka fara da kwalin 100. Sayi ƙananan fakiti masu 5 ko 10 na iri uku, misali Astra mai koren kwali, Derby ta Turkiyya, Shark ko Lord ta Masar, Dorco ta Koriya, duk wadda ka samu. Yi mako biyu da kowace. Rezar da ta yi wa wani daɗi tana iya cizon ka, don kaurin gashi da taurin fata ba ɗaya ba ne. Feather ta Japan ta fi su kaifi nesa ba kusa ba, ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Duba kuma a ga an rubuta ƙarfen da ba ya tsatsa ne, don rezar yankan farce da feƙe fensir mai baƙin ƙarfe tana yin tsatsa a kwana ɗaya in ta jiƙe. Reza ɗaya tana yin aski 3 zuwa 5, mai gashi mai kauri ya tsaya a 3. In kana aski sau 3 a mako, reza 52 ke nan a shekara, kwalin 100 zai kai ka kusan shekara biyu. Askin kai ƙwal kwabo kuwa yana cinye baki da wuri, ba shi sabuwa duk bayan biyu.

Burushi akwai abin lura da masu talla ba sa faɗa. Mafi arahan burushin aski na gashin dabba, gashin alade ne, kuma da Turanci ake rubutawa a ƙasan kwali inda ba kowa ke dubawa ba. Ɗauki na zaren roba. Ba ya wari, ba ya buƙatar jiƙo, yana bushewa da wuri, kuma ka huta da shakka. Akwai na gashin doki ga mai so, amma samunsa da wuya.

Sabulu, Arko na Turkiyya mai kama da kyandir yana da araha, yana kumfa ko da ruwa mai zartsi, kuma guda ɗaya yana yin watanni. Man aski na cikin tub ma ya yi, kwatankwacin ƙwayar gyaɗa biyu ya isa fuska. Sabulun wanka kumfarsa tana mutuwa kafin ka gama kunci ɗaya. Sabulun salo yana da santsi, amma wani yana da zafin toka, yana busar da fatar da reza ta bi.

Ga yadda aikin yake. In gashin ya wuce tsiron kwana huɗu ko biyar, rage shi da kilifa ko almakashi, in ba haka ba zai toshe gidan. Yi askin bayan wanka, ko ka ɗora tsumma mai ruwan ɗumi na minti 2 zuwa 3, don jiƙaƙƙen gashi ya fi busasshe sauƙin yanka sosai. Jiƙa burushi ka yarfe sau ɗaya, ka murza a kan sabulu na daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan ka kai fuska kana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Abin da kake nema kumfa ce mai kaurin kindirmo, mai sheƙi. In ta yi manyan ƙwai kamar ta wanki, ruwa ya yi yawa, koma kan sabulu. In tana bushewa tana farfashewa, ruwa ya yi kaɗan. Da hunturu shafa yanki ɗaya ka aske kafin ka shafa na gaba. In ruwan rijiyarku ko burtsatse mai zartsi ne kumfa ta ƙi tashi, gwada rabin ledar ruwan sha, za ka ga bambanci nan take.

Ɗora kan gidan a kumatu, mariƙin yana kallon waje, ka riƙa saukar da shi a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi. Wajen digiri 30 ke nan, kuma kunnenka zai gaya maka, don za ka ji ƙaras-ƙaras. In mariƙin ya kwanta da yawa, kankara kake yi ba aski ba. Ja gajere, kamar faɗin yatsa biyu, ka juya ɗaya bakin, ka ɗauraye. Kada ka danna. Wannan shi ne kuskuren duk wanda ya fito daga shebin sitik, don can sai an danna yake ci, nan kuwa nauyin ƙarfen ya isa. Kada reza ta bi wurin da babu kumfa. Zagaye ɗaya da kwanciyar gashi ya ishe ka a watan farko. In fatar ta lafa, ƙara na biyu a gicciye bayan sabuwar kumfa, amma a wuya ka tsaya a ɗaya. A ƙashin maƙogwaro ja fatar gefe da yatsa ka aske a kan nama. Yanka mai tsawo kuma daga zamewar gefe yake zuwa, wato reza ta tafi a tsawon bakinta maimakon gaba.

Da ka gama, ruwan sanyi, sai alimun, wannan dai da ake sa wa ruwa ya kwanta. Zaɓi dunƙule mai tsabta, ka goge kaifin gefensa a cikin ruwa har ya yi sumul. Jiƙa shi ka shafa, bar shi rabin minti, ka wanke. Yana tsayar da ɗan jini, kuma duk inda ya yi maka zafi, nan ka danna ko ka maimaita. Sannan man kaɗanya kaɗan, a narkar a tafin hannu. Turare mai sifirit a kan sabon aski ƙona fata kawai yake yi. Gidan kuma sassauta shi ka ɗauraye, ka yarfe, ka ajiye a wajen banɗaki. Kada ka goge bakin reza da tsumma, kana cire mata shafen da ke sa ta santsi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Ana buga jabun reza da sunan manyan kamfanoni, har da kwalin. Alamarta rubutu mai dishi-dishi, takardar naɗi sakwa-sakwa, da reza mai fizgar gashi tun jan farko. Shi ya sa ko ka zaɓi irin da kake so, ka sayi fakiti ɗaya a wurin mutum ka gwada kafin ka ɗauki kwali a hannunsa. Wasu za su ce maka gidan ƙarfen da ba ya tsatsa ne, alhali rubutun da ke kan kwalin, ba gidan yake nufi ba, rezar da aka haɗo da shi yake nufi. Wasu suna rina gashin alade da baƙin layi a tsakiya su sayar da sunan gashi mai tsada. Na intanet kuma, hoton na Jamus, kuɗin rubu'in na Jamus, a ce sai ka tura kuɗi tukuna: wuce kawai. In a kasuwa ne, sa a saka reza a gabanka, ka ɗaure, ka kalle shi ta sama. Bakin ya fito daidai a ɓangarorin biyu, kuma ya yi layi ɗaya da ƙarfen gabansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ya karkace ko da kaɗan, ajiye musu, a ba ka wani.

Idan ƙurajen da ke wuyanka yanzu suna da ruwa ko mugunya, kada ka ɗora musu kowace reza. Ba su mako 3 zuwa 4, kana rage gashin da kilifa ba tare da ta taɓa fata ba, sai sun kwanta ka fara. Masu tauri da ke fitowa a ƙeya kuwa na likitan fata ne, aski ƙara su yake. Gidan rezarka da rezarka da alimun ɗinka naka ne kai kaɗai, ko ɗan ɗakinku kada ka ara wa, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla mako guda. Tsofaffin reza kuma nemi gwangwanin madara da ba a fasa ba, ka tsaga masa ɗan baki a sama, ka tsiyaye ka wanke, ka riƙa jefa su ciki, ka ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa.